Rasuwar Gunnvald, Jirgin Fiton da Gata Ya Kashe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da takalma cike da ruwan gishiri, Kyaftin Oddvar Myklebust yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gunnvald, tsohon jirgin fiton tashar Brattsund, wanda ya riga mu ƙasan teku ranar Asabar da hantsi, a gaban magajiyar gari da 'yan badujala.

An haifi marigayin tun zamanin kakanni, da katako da kwalta. Ya yi rayuwarsa yana tsallakar da matan kamfanin kifi da 'yan makaranta da mashayan da suka manta a wace gaɓa gidansu yake. Bai taɓa zuwa a kan lokaci ba, bai kuma taɓa ƙin zuwa ba. Ba shi da yawan magana. Iyakarsa "tuf-tuf-tuf", sai in ransa ya ɓaci ya ƙara da tari. Da aka gina gada aka daina nemansa, bai yi ƙorafi ba, ya kwanta a bakin gaɓa tsuntsaye suna yi masa abin da suka ga dama.

Oddvar, matuƙinsa na ƙarshe, shi ya tara tsofaffin gari aikin gayya. Duk Asabar suna kankara, suna fenti, suna shan kofi fiye da yadda suke aiki. Burinsa ɗaya ne tak: likita ya ce idanunsa sun gaji, da ƙarewar wannan rani za a karɓe lasinsa, shi kuwa yana so ya tsallaka tashar sau ɗaya a bayan sitiyarin Gunnvald kafin nan.

Ciwon ajali ya soma ne da ƙauna. Da ƙanƙara ta sauka, Oddvar ya dubi jirgin a rumfar gyara, tausayi ya kama shi, ya ɗauko hitar da ke ɗumama ɗakin matarsa Borghild ya kunna masa dare da rana. Babu ɗan bakin teku da bai san cewa katako in ya bushe motsewa yake yi ba, sai an bar jirgi ya jiƙa a ruwa ya kumbura kafin ya ɗauki mutum. Duk sun sani. Amma ɗumi ya yi wa gwiwoyinsu daɗi, kowa ya ja bakinsa.

Ranar saukar da jirgin ruwa, amininsa Trygve ya ɗan yi gyaran murya. "Kyaftin, ba ma bari ya sha ruwa tukuna?"

"Kai tafi can! Tun kafin a haife ka yake shan ruwa, wace ƙishirwa ta rage masa? Ku hau!"

Aka hau. Marigayin ya ja da baya cikin mutunci, ya yi nisan da yaro zai iya jifa, ya soma shan ruwa ta kowace kafa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tuf", sai kumfa. Wurin ba zurfi, ba a rasa rai ba. 'Yan badujala, da su ma suna ciki, suka tako gaɓa ruwa iya ƙirji, mai babban ƙaho yana zazzage ƙananan kifaye. Oddvar ne kawai ya ƙi sakin sitiyari, har Borghild ta ƙwala masa kira: "Fito haka nan, tsoho! Ka cinye mini hita, yanzu kuma mura za ka kawo mini?"

Ya fito. Mutane sun ce ruwan teku ne a fuskarsa, amma kuka yake yi.

Marigayin ya bar benci biyu da suka taso sama, da ƙararrawa, da tulun kofi, da tsofaffi takwas waɗanda ba su san inda za su sa kansu ranar Asabar ba.

Za a ɗago gawar ranar Juma'a in ruwa ya janye, a toshe ta da tsumma, kwalekwalen Trygve ya ja ta da igiya zuwa ɗaya gaɓar, inda za ta kwanta. Ana karɓar gaisuwa a rumfar gyara. A zo da kofi, kada a zo da shawara. Kyaftin Oddvar zai tsaya a bayan sitiyari da hularsa, tun daga wannan gaɓa har waccan. Ana roƙon masu rakiya su ɗaga masa hannu, kuma don Allah kada kowa ya kalli igiyar.