Ranar da na tarbi surukina da baƙin hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya dawo daga aikin Hajji ba, kuma na san mutanen garinsu Pitowa ma ba su manta ba, musamman waɗanda suka ɗinka sababbin fararen kaya don tarbarsa.

Surukin nawa, Baba Sale, ya shekara kusan talatin yana jan babbar mota daga Ngawundere zuwa Kusiri. In mota ta wuce ta ƙofar gidansa, daga kukanta kawai zai gaya maka ba za ta kai Marwa ba. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa. Tun da na auri 'yarsa Dija bai taɓa yi mini gatsali ba, amma “Mesiye” yake kirana, irin kiran da ake yi wa malamin boko da Faransanci, da wata irin murya mai nuna cewa hannuna bai san komai ba sai alli. (Gaskiyarsa, amma a lokacin ban yarda ba.) Abin yana cin raina ƙwarai. Babban burina shi ne wata rana ya dube ni ya ce ashe ni ma na san mota.

Ina da wata tsohuwar akori-kura mai ƙofa huɗu, mai shan gazuwal, wato dizal. A shekarun nan da ake ta rufe iyaka saboda tashin hankali, man fasa-ƙwauri da muke kira zuwa-zuwa, wanda muke saye a bakin hanya, ya yi wuya, wanda ake samu kuma Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya a ciki. Motata ta koma raguwa, in na taka totur sai ta yi kamar tana shawara da kanta. Na kai ta wajen Hamadu bakanike. Ya leƙa, ya goge hannu a wando.

“Mesiye, bawul ɗinka ne ya toshe, wanda ake ce wa EGR. Aikinsa ya ɗebi hayaƙin da ya fito ya mayar cikin inji, don kada ya ɓata iska. Da irin man nan namu sai ya cika da kunkunniya. In wanke maka shi ne, ko a toshe shi gaba ɗaya? In toshewa ne, sai ka je Ngawundere wajen wani abokina ya sake wa ƙwaƙwalwar motar lissafi da kwamfuta, in ba haka ba za ta yi ta nemansa.”

Ngawundere? Ni da nake koyar da kimiyya, ga kwamfuta a gidana? Na yi masa godiya na tafi.

Kwana uku na yi ina kallon bidiyon wani Bature yana wannan aiki a garejinsa mai tsabta kamar asibiti. Na sayi wayar da ake haɗa mota da kwamfuta. Na sauke wani sabon lissafi wanda aka ce yana mantar da mota bawul ɗin, ya kuma ƙara mata ƙarfi. An rubuta shi ne don wani inji ɗan'uwan nawa, lamba ɗaya ce kawai ta bambanta su, na ce ai ba a faɗa kan lamba ɗaya. Baturen ya toshe bututun da wani ƙarfe mai kauri. Ni na yanko nawa daga babban gwangwanin tumatir ɗin Dija.

Da na zuba wa motar lissafin na tayar da ita a tsakar gida, sai ta ɗauki kuka mai daɗi. Na tsaya na riƙe ƙugu.

“Ka ɗan zaga da ita mana ka gani,” in ji Dija.

“A wannan tsadar man? Lissafi ba ya ƙarya, Dija.”

Ta dube ni, ta dubi gwangwaninta da na huda, ta koma ɗaki.

Ranar da jirgin alhazai zai sauka, 'ya'yan Baba sun so su ɗauko motar haya, na ce ina, muddin ina raye ba za a yi haka ba. A wajenmu motar da ta ɗauko alhaji ita ke gaba, sai liman da dattawa a kan babura, sai motar mata. Kowa cikin farin kaya, har da waɗanda ba su taɓa wuce garin Gidar ba. A filin jirgin Garwa muka loda akwatuna, da dardumai, da ruwan zamzam, da dangi bakwai a baya. Baba, wanda yanzu ya zama Alhaji, ya zauna kusa da ni cikin farar jallabiya, carbi a hannu.

A cikin gari komai lafiya, don a hankali muke tafiya. Sai dai na lura ya karkata kunne wajen inji, carbin kuma ya tsaya. Na ɗauka mamaki ne ya kama shi. Muna fita gari muka hau hanyar Pitowa, na ce yau ce ranar, na danna totur har ƙasa.

Wallahi ta yi tsalle! Ban taɓa jin ta da irin wannan ƙarfi ba. Daga baya na ji ham na tashi ta ko'ina, na ce a raina jama'a sun yaba, ni ma na shiga mayar musu, har da fito da hannu ta taga ina ɗagawa. Sai da na leƙa madubi na ga babu liman, babu dattawa, babu hanyar ma kanta. Baƙin hayaƙi ne kawai yake tuƙuƙi daga salansa kamar an cinna wa tarin tayoyi wuta. Kafin in yi wani tunani, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana, motar ta saki jiki ta koma tafiyar jaki, duk yadda na taka. Na gangara gefe kusa da masu sayar da albasa.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fitowa daga cikin hayaƙin suna tari. Liman ne ya fara isowa, rawaninsa ya koma ruwan toka, idanunsa sun yi jajir.

“Mesiye,” ya ce, “tarbar alhaji muka zo ko gasa bulo?”

Alhaji ya buɗe ƙofa. Ya fito, ya naɗe hannun jallabiya, ya ce in buɗe kapo, wato murfin inji. Bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya nuna wani abu da yatsa. Gefen gwangwanina ne ya leƙo daga tsakanin bututu biyu, da rabin hoton jan tumatir a jikinsa, duk dattawan Pitowa suna kallo.

“Wa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa?”

“Ni ne, Baba.”

“Wa ya koya maka?”

“Wani Bature ne, a bidiyo.”

“Shi Baturen, ya taɓa ɗaukar mutum tara da kaya a zafin Garwa?”

Na sunkuyar da kai. Ya cire kan batir, ya tsaya ya ja carbi zagaye ɗaya, ya mayar, sai fitilar nan ta mutu. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Na nufi baya don in ɓuya cikin akwatuna, ya ce a'a, in zauna inda ya tashi. Haka mutumin da aka je ɗaukowa ya ja mota da kansa, yana taka totur kamar mai taka ƙwai, ko ɗigon hayaƙi babu.

Na ɗauka kunyar ta ƙare. Ashe babbar tana jira a ƙofar gida. Muna tsayawa guɗa ta tashi, jama'a suka yo ca a kan ƙofar da alhaji ya kamata ya fito. Goggo Adda, yayar Alhaji wadda idonta ya yi rauni, ita ta riga kowa. Ta rungume kaina tana kuka.

“Jabbama, sannu da zuwa, ɗan'uwana! Kawo hannun nan da ya taɓa Ka'aba!”

Ta kama hannuna, wanda ya gama taɓa kapo da baƙin mai, ta shafa a fuskarta sau uku. Shi kuwa Alhajin gaskiya ya fita ta ɗaya gefen ba mai kula shi, yana neman dutsen da zai sa wa taya. Sai da Dija ta zo tana dariya har da hawaye ta ɓamɓare ni, ta juya Goggo wajen ƙaninta, da shatin yatsuna a kumatunta.

Mako guda ban taka Pitowa ba. Da baƙi suka ragu sai ya aiko a kira ni. Na je ina jan ƙafa. Ya ba ni dabino da hula, sannan ya ce:

“Ƙarfi kam ta yi, na ji shi a kujera. Ka ba ta mai ne fiye da iskar da za ta ƙona shi da ita. Ɗauko kwamfutarka mu je Ngawundere. Ni ban san abin da ake rubutawa a ciki ba, ina so in gani.”

Muka tafi mu biyu, shi ke tuƙi. Abokin Hamadu ya mayar wa motar da lissafinta na asali, aka wanke bawul ɗin aka mayar, aka jefar da tumatir. A hanya Alhaji ya ba ni labarin ranar da ya kifar da lodin gyaɗa a gaban nasa surukin, ya yi dariya har sai da ya rage gudu. Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Abin da na koya shi ne, tsohon direba ba ya son wanda zai nuna masa iyawa, ya fi son wanda zai ɓata abu ya kawo masa ya gyara. Sai dai duk mai son gwadawa, ina ba shi shawara ya tabbata liman ba ya bayansa.