Rubutun Armeniya a Cikin Ƙwarya

Wani ne a zangon Sokode, ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, wanda soyayyar Rakiya mai wagashi, wato cuku, ta hana shi sakat. Kullum sai ya tsaya gaban tirenta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Rubutun malamai kam ya sha har ya gaji, babu labari.

Rannan maƙwabciyarsu Hajiya Salamatu ta kira shi. Ƙanwarta Dokta Khairiya, mai bincike a jami'a, ta kwana biyu a gidan, ta wuce Dapaong ta mance kayenta, wato littafin da take rubutu a ciki.

Hajiya ta ce, "Karɓi kayen nan ka kai mata yau. Ka riƙe shi kamar ƙwai."

"Tanti, mene a ciki?"

"Tsofaffin littattafan addinin Yahudawa ne, da mutanen Armeniya suka juya cikin harshensu. Can ƙasarsu ta je, wani gidan ibada a kan dutse. An hana ta ɗaukar hoto, sai da ta yi wata shida tana kwafa da alƙalamin tawada. Asalin ya fi shekara ɗari bakwai. Kar ruwa ya taɓa shi!"

Gogan naka bai ji komai ba sai shekara ɗari bakwai. Yana shan kwana ya buɗe. Ga baƙaƙe nan masu ƙugiya-ƙugiya, ba Larabci ba, ba Faransanci ba. Ya kai wa abokinsa Abdulrauf mai shayi a tasha.

"Ka iya karanta wannan?"

Abdulrauf ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. "Wallahi ko liman sai ya sa hannu a ka."

"Ka gani! Namu na jiya-jiya ne, shi ya sa bai ci. Ara mini ƙwarya."

Ya duba can ƙarshe inda aka yi rubutu da jar tawada, don a ganinsa nan ƙarfin yake. Ya yage shafi guda, ya wanke tas, ya yi bisimilla ya shanye. Daga nan sai gaban Rakiya, ya washe baki ya yi sallama.

Rakiya ta ɗago, ta ga leɓe ja, haƙora ja, har da haɓa. Dariya ta kwashe ta, sai da ta dafa tire.

"Wayyo cikina! Ungo wagashi, jeka don Allah."

Bawan Allah ya hau moto ya kama hanya. Shekara biyu ba ta taɓa yi masa murmushi ba, yau ga dariya ga kyauta! Shafi ɗaya ke nan. To ina ga biyar?

A Bafilo ya sha ɗaya. A Kara ya sha biyu, ya haɗa da ƙosai. A Mango rana ta yi zafi, ya sa na ƙarshe a ruwan sanyi ya ƙara da sukari. Ko da ya shiga Dapaong da la'asar, babu sauran jan shafi ko guda.

Dokta Khairiya ta tarye shi a ƙofar gida da murna. Ta buɗe littafin, ta dubi ƙarshensa, ta dubi bakin mutumin. Sai ta zauna a dakali.

"Ina shafukana?"

"Madam, suna nan, ba su ɓata ba," ya shafa ciki.

"Sha ka yi? Wata shida na yi cikin sanyi, yatsuna na daskarewa!"

"Ki yi haƙuri, Madam, lalurar aure ce. Kuma wallahi yana ci."

"Aure? Kai, ka san abin da ka sha? Ba littafin ba ne ma. Addu'ar wanda ya kwafe shi ce, wani tsoho mai zuhudu da ya yi alwashin ba shi ba aure har ya mutu. Shafi biyar yana roƙon Allah ya kau da zuciyarsa daga mata, ya kau da zuciyar mata daga gare shi."

Mutumin ya riƙe ciki da hannu biyu, gumi na keto masa.

"An karɓa masa?"

"Ya shekara tamanin, ko sallamar mace bai samu ba."

Ya matso a hankali, ya leƙa sauran littafin.

"Madam, don Allah duba da kyau. Babu shafin da ya sake shawara?"