Ranar da Na Fasa Dutsen Taimamar Baban Abokina

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ranar da na tsaya a ɗakin malamai ina yi wa mutum lacca a kan dutsen taimamar mahaifinsa, bayan na riga na raba dutsen biyu da guduma. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni dai tun ina ƙarami Allah Ya jarrabce ni da tara tarkace. Da tsofaffin kuɗi na fara: kwabo mai huji, anini, sisi, sule, duk wanda na samu wajen tsofaffi sai in roƙa in jefa a gwangwanin madara. Da na girma na zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Bodinga, sai cutar ta koma kan duwatsu. Na karanta cewa ƙasarmu ta Sakkwato a can zamanin da babu ɗan Adam teku ce ta rufe ta, kuma har yanzu akan tsinci katantanwar ruwa da ta sandare ta zama dutse. Shi ke nan, na daina tafiya kamar mutane. Kullum kaina a ƙasa, aljihuna cike da tsakuwa (matata ta gaji da ɗinke mani aljihu, yanzu sai dai ta miƙo mani allura da zare).

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, tsohon kuɗi sai na roƙa ake ba ni, amma dutse ban taɓa tambayar kowa ba. A ganina dutse ba na kowa ba ne, wanda ya sunkuya shi ke da shi.

Akwai abokin aikina Malam Sanusi, malamin Larabci, mutumin Horo Birni ta wajen Shagari. Mutum ne mai kawaici, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga ido ya yi rauni, sai muka shirya mu malamai huɗu muka tafi dubiya wata Asabar. Da muka isa an shiga da tsohon cikin gida ana kintsa shi, aka ce mu ɗan jira a gindin dogon yaro inda yake wuni. Tabarmarsa na shimfiɗe, ga matashi, ga tasbaha rataye a jikin itacen. A gefen tabarmar kuma, dab da saiwa, ga wani dutse kamar girman ƙaramar gwanda, fari-fari, gefe ɗaya sumul yana ɗaukar ido.

Na san irinsa: in an fasa, sau da yawa akan tarar da wani abu a ciki. Abokan tafiyata suna ta gardamar ko damina za ta yi kyau bana, ni kuwa na miƙa hannu kamar zan gyara takalmi, na zura shi a aljihun babbar riga. (Ku lura, na yi kamar zan gyara takalmi. Ke nan wani ɓangare na zuciyata ya san abin da nake yi ba daidai ba ne, na dai ƙi sauraronsa.) Aka kira mu zaure, na durƙusa na gaida tsoho, na yi masa addu'a mai tsawo har da karya murya, dutsensa na jan rigata gefe ɗaya. Muka kamo hanya kafin la'asar.

Ko ruwa ban sha ba da na isa gida. Na ɗauko guduma da ƙatuwar ƙusa, bugu uku ya dare gida biyu, tsaf. Sai ga katantanwa a kwance a tsakiya, murɗaɗɗiya, kowane zane nata a fili. Na yi kabbara har matata ta leƙo ta ɗauka albashi aka ƙara.

Ranar Litinin na naɗe shi a hankici na kai makaranta. Lokacin hutun tara, na baje shi a kan tebur, malamai suka kewaye ni, na shiga zuba. Ana cikin haka Malam Sanusi ya shigo, fuskarsa a yamutse. Wani ya tambaye shi jikin Baba.

Ya ce, "Jiki da sauƙi. Sai dai tun shekaranjiya gidan ba daɗi. Dutsen da yake taimama da shi ya ɓace. Kun san ruwa na tayar masa da ciwon, da shi yake sallah. An share ko'ina, har juji an tona."

Aka ce ai sai a samo masa wani, ko a ɗebo ƙasa mai tsarki.

"Ƙasar muke kawo masa a faifai, yana yi, bai ce komi ba. Amma dutsen na kakanmu ne, da shi ya yi jinyarsa har ya koma ga Allah. Duk lokacin sallah sai ka ga Baba ya miƙa hannu yana laluben wurin. Jiya ko tuwo bai taɓa ba."

To, mai hankali a nan zai yi tsit. Ni kuwa wallahi ko a jikina, don a kaina dutsen taimama wani abu ne na musamman, ba wannan da na tsinta a gindin itace ba. Har ma na ga ya kamata in ɗebe wa abokina kewa. Na ce, "Allah Ya bayyana shi, Malam. Zo ka ga ikon Allah ka ɗan sake." Na ɗora masa ɓari ɗaya a hannu, na nuna masa katantanwar, sannan na juya masa bayan. "Ka ga santsin nan? Ruwan teku ne ya goge shi haka. Shekaru aru-aru igiyar ruwa na wucewa ta kansa. Ba abin da zai iya yin wannan sai teku."

Ya shafa wurin da babban yatsa. Ya ɗauko ɗaya ɓarin ya haɗa su, ya ɗora tafinsa a kai, sai tafin ya zauna daidai cikin 'yar lotsawar da ke saman.

"Ba teku ba ce, Malam," in ji shi a hankali. "Hannun kakana ne da na babana."

Innalillahi. Malamin lissafi ya ɗauki rajista ya fice kamar an aike shi. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito, don tsabar ruɗewa, shi ne, "Amma ai akwai katantanwa a ciki." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Malam Sanusi bai zage ni ba, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Ya ce in ba shi ya mayar, zai ce a bayan gida aka tsince shi a fashe. Har na ji sanyi a raina, na kusa cewa to. Sai na ga idan na yarda, na saci dutse, na fasa, sannan na sa malamin Larabci ya yi wa ubansa ƙarya. Na ce a'a, mu tafi tare.

Bayan an tashi ya goya ni a babur. Muka miƙa har Horo Birni. Muka tarar da tsohon a gindin itacen, faifan ƙasa a gefensa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na faɗa masa komai ban rage ba, har da gyaran takalmin ƙarya.

Ya ce, "Miƙo mini."

Na sa masa a hannunsa mai lafiya. Ya shafa bayan, na ga fuskarsa ta saki. Sannan yatsansa ya faɗa cikin fashin ya ci karo da katantanwar, ya bi murɗinta a hankali.

"Mi na wanga?"

Na yi masa bayani, wannan karon a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa.

"Ikon Allah. Ubana ya yi sallah da shi, ni ma na yi, ba mu taɓa sanin da baƙo ciki ba." Ya ɗan yi dariya har ta sa shi tari. "Kai dai ɓarawo ne, ɗana, amma ɓarawo mai ilimi. Taimama ba ta ɓaci don dutse ya rabu. Wanga ɓari ya ishe ni."

Sai ya turo mani ɗayan. Na ce Baba wallahi ba zan iya karɓa ba.

"Riƙe. Ba don kallo na ba ka ba. Kai ma ranarka na zuwa da ruwa za ya gagare ka."

Na karɓa da hannu biyu, idona ya cika, na rasa inda zan sa fuskata. Aka kira la'asar, ina kallo ya buga tafinsa a kan rabin dutsen ya shafi fuska. Malam Sanusi ya ce a ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Da nasa ɓarin ya ci gaba da sallah har Allah Ya karɓi abinsa. Nawa yana nan kusa da dardumata. Gwiwa ta fara yi mani ƙara yanzu, kuma duk safiyar da ruwan alwala ya yi mani sanyi sai in dube shi in ce ba yau ba tukuna. Dutse kuwa, ko a tsakiyar titi na gan shi, sai na yi sallama na nemi mai shi.