Man-man

A duk 'yan Kano da ke saye da sayarwa a unguwar Xiaobei ta ƙasar China, ni kaɗai ne mai motar tsere mai giyar hannu, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ranar da aka sa mata sabon kuloci na tsere, makanikin, wani ɗan China, ya buga bonet ya ce, "Laoban, man-man."

Laoban dai na san maigida ke nan. Na yi murmushi irin na wanda ya iya yaren mutane. "Man ai na cika tanki," na ce masa da Hausa, ina nuna gejin mai. Ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa.

Washegari na kwashi Alhaji Sani, maƙwabcina a shago, muka nufi filin tsere. Na taka ta kamar mun yi faɗa. Zagayen farko, wallahi ko yau aka tambaye ni, ba wanda ya kamo ƙurata. A na biyu sai inji ya riƙa ihu mota na tafiyar kunkuru, ƙauri ya cika ciki.

Alhaji Sani ya taimaka muka tura ta gefe, ya ji labarin makaniki, sai ya zauna a ƙasa don dariya. "Mutumina, man-man nufinsa a hankali. Sabon kuloci lallaɓa shi ake yi cikin gari har ya zauna."

Yanzu ko lomar tuwo na kai baki a gidan abinci, sai wani ya ce, "Alhaji, man-man." Ni dai zagayen farko nawa ne.