Ƙugiyar da Goro Ya Kayar

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da goro guda ya kunyata digirina ba.

Mahaifina ya shekara ashirin da bakwai yana tuƙa ƙugiyar ɗaga kayan gini, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidanmu da ke unguwar Dutse Uku. Likita bai ɓoye mana cewa jikin ya yi nisa ba. Ni kuwa, ga sabon digirin injiniya ga zaman banza, sai na ƙudurta zan haɗa masa ƙaramar ƙugiya irin tasa sak, domin ya sake ɗaga kaya ko da sau ɗaya da hannunsa mai lafiya.

Wata biyu na yi ina zane. Kowane sashe na rage shi zuwa kashi ɗaya cikin hamsin. A wani shago a unguwar Rikkos aka fitar mini da sassan, da na'urar da ke gina siffa da narkakkiyar roba (hannun ƙugiyar sau uku na sa aka sake shi, saboda kuskuren rabin milimita).

Ranar gwaji na gayyato Oga Sunday, tsohon abokin aikin Baba. Na soma jawabi kan ma'auni, ya ce in rage turanci, ya ciro goro ya ɗaura a igiyar. Baba ya juya mariƙin da yatsu biyu. Goro ya tashi kamar taƙi ɗaya. Sai ƙugiyar ta sunkuya, ta kife cikin kwanon kununsa, hannunta ya karye.

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya lalubo tubalin bayanta, wanda a ƙugiyar gaske kankare ne mai hana ta kifewa. Nawa roba ne, cikinsa fanko. Ya jinjina shi a tafinsa, ya ce da harshensa mai nauyi, "Injiniya, tsawo ya yi daidai. Nauyin fa?"

"Liƙa hannun, ka ɗura yashi a baya, yarona," in ji Oga Sunday. "Gobe ma Babanka zai tuƙa."

Kunya ta sa na ƙi. Na ce yashi ba ya cikin lissafi. Darma zan sa a zuba mini, mai nauyin da ya dace daidai. Maƙerin da na kai wa aikin ya ba ni kwana tara. A kwana na shida Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Ƙugiyar tana aiki yanzu, babu kuskure ko ɗaya a jikinta, kuma ba na iya kallonta. Na dai koyi cewa idan dattijo ya ce a ɗura yashi, mai digiri ya ajiye biro ya nemo cokali.