Abin da Maikano Ya Fi Saurare

A ƙauyenmu akwai gidan Maikano direba, shi da matarsa Lantana da ƙaninsa Nomau. Nomau har ya tara gemu, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai yi shi, ba ƙari ba ragi. Lantana ce kaɗai ba ta yi masa dariya. To, Maikano ya kushe miyarta a gaban baƙi, ta yi yaji gidan gwaggonta Asabe, shi kuma girman kai ya hana shi zuwa biko. Gida ya yi tsit, abin tausayi. Maimakon ya je ya ba da haƙuri, sai gogan ya sa sabuwar rediyo a mota, wai kiɗa ne zai ɗebe masa kewa.

Wata rana igiyar da ke haɗa waya da rediyon ta yi sako-sako, kiɗa yana ta yankewa. Maikano ya ce, "Nomau, riƙe ta nan, kada ka saki." Da suka isa tasha ya fita neman fasinja. Aka kira azahar. Nomau ba ya wasa da salla, kuma ba a ce ya saki ba. Sai ga shi a ƙofar masallaci, igiya a hannu, rediyo na jan ƙasa a bayansa kamar akuya mai gardama. Da ya hango yayansa ya washe baki ya ce, "Yaya, ban saki ba!"

Wata rana, bayan an gyara ɓarnar, Maikano ya sayo filashi, ɗan abin nan da bai kai yatsa ba, aka loda masa waƙoƙi. Direbobin tasha suka dame shi da aro. Ya miƙa wa Nomau ya ce, "Ɓoye shi inda ba wanda zai gani." Washegari za a fita ya ce, "Kawo filashi." Nomau ya ce, "Wallahi ban san inda yake ba, Yaya. Ka ce kada kowa ya gani, shi ne na rufe idona na wurga shi cikin rumbu." Maikano ya leƙa rumbun, gero cike har baki, ya dafe kai.

Daga nan ya koma haɗa waya da rediyo ta bulutut, wato ta iska, ba igiyar riƙewa, ba abin ɓoyewa.

Wata rana, ranar kasuwa, sai ga Lantana da Gwaggo Asabe a bakin hanya, ga shi ba wata mota sai ta Maikano. Suka shiga baya, Lantana ta kafa ido a taga. Maikano ya tura wa Nomau waya ya ce, "Sa mana wani abu."

"Wanne, Yaya?"

"Wanda na fi saurare mana!"

Nomau ya latsa. Ba ganga, ba kalangu. Muryar Lantana ce ta cika motar, wani tsohon saƙon murya da ta taɓa turo wa mijinta: "Maigida, ka ci abinci kuwa? Don Allah ka tuƙa a hankali, ina jiranka."

Maikano ya kai hannu zai ƙwace, Nomau ya kauce. "Bari ya maimaita, Yaya. Ai kullum sai ka yi ta maimaita shi kafin ka tashi mota."

Fasinjoji suka ƙunshe dariya. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba mai iya cewa kuka take ko dariya. Maikano dai ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara ganinsa.

Da aka zo mararraba Gwaggo Asabe ta bubbuga ƙofa. "Direba, ni sauke ni nan. Ita kuwa ai ka san gidanta."

Mota ta ci gaba. Can, daga cikin mayafi, Lantana ta ce a hankali, "To, ka ci abincin?"

Maikano ya ce, "Ban ci ba."

Nomau ya waiwayo da sauri. "Ni ma ban ci ba."