Ranar da na faɗo gaban surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Bodinga, zamanin mulkin farar hula, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi. Ina koyarwa a firamare, ina ji da Turancina kamar ni na ƙirƙiro shi.

A lokacin akwai abin da ke damun gidana. Matata Hajo ta faɗa mini cewa mahaifiyarta, Inna, da ke Mandera, wani ƙullutu ya fito mata a ƙirji. Tunda ba ya zafi, Inna ta ce ba komai ba ne, tana ta shafa masa man shanu. Hajo ta yi roƙo, ta yi kuka, Inna ta ce ba mai kai ta asibiti a buɗe mata jiki. Ni kuwa wa ya aike ni? Matar da ko sunana ba ta kamawa, wadda in na hango ta nake tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa, da wane baki zan yi mata wannan zance?

Sai ga wata likita 'yar kudu, mai bautar ƙasa, ta zo yi wa mata bayani kan ciwon daji, ga shi ba ta jin Hausa. Malamar da za ta yi tafinta ta tafi haihuwa. Aka ce wa zai iya, na ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba (ban ma tambayi a kan me za a yi magana ba, ka ji wauta). Da yake taron mata ne, aka kafa mini zana a gefe, in zauna a baya, su ji murya kada su ga fuska.

To, da na ga ba mai ganina, sai baki ya buɗe. Likita ta ce ciwon daji iri-iri ne, akwai na nono, na bakin mahaifa, na hanji, da wanda ke kama maza ya hana su fitsari sosai. Na juya da Hausa tiryan-tiryan, har da gyaran murya. Ta ce a kula da gyambon da ya ƙi warkewa, da jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, da ƙullutu ko da ba ya zafi. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, in ji ta, amma asibiti ne kawai za a bambance. Ina ta rangaɗa kalmomin da ko a gaban Hajo ban taɓa furtawa ba.

Daga nan ta koya musu duba kansu: a ɗaga hannu ɗaya, a bi nono da yatsun ɗayan a hankali har hammata. Ta ƙara da cewa maza ma yana kama su a nan, ko da yake ba kasafai ba. Wallahi nan take na ce bari in duba nawa. Baki na fassara, hannu ya yaye riga har wuya, na ɗaga hannun hagu ina lalube. Na jingina da sandar zana don in ji daɗin dubawa, ashe gara ta gama da ita.

Ni da zana muka zube tsakiyar mata, riga a wuya, hannu a kan nono. Na ɗaga kai, sai ga Inna, ƙafarta dab da hancina. Hajo ce ta kawo ta ba ta gaya mini ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suka fashe da dariya har wata na tari. Na so in mutu a wurin.

Likita ko a jikinta. Ta dube ni ta ce in faɗa musu maganar ƙarshe. Daga kwance, ido a rufe, na ce: "Ta ce in an gano shi da wuri, ana warkewa. Ɓoyo ne ke kisa."

Kwana uku ban taka kasuwa ba. A na huɗu Hajo ta dawo daga Mandera da saƙon Inna.

"Ta ce mutumen da yay yada kunyatai gaban mata don wanga zance, zancen ba wasa ba na. A shirya a kai ta Sakkwato."

Ashe Inna ta ɗauka da gangan na faɗo don ta ji (har ta koma ga Allah ban gyara mata ba, Allah ya yafe mini). Aka duba, daji ne, amma bai yaɗu ba. Aka yi aiki aka cire. Inna ta rayu har ta ga auren jikokinta, ta zama ita ce mai tasa matan Mandera gaba zuwa asibiti, tana yi musu faɗa a hanya. Farin cikin da na yi ranar da aka sallame ta ba ya faɗuwa.

Darasin da na koya shi ne, Turancin da nake ji da shi bai ceci kowa ba, faɗuwata ce ta yi aiki. Kunyar da na sha ta kwana uku ce, wadda Inna ta so riƙewa kuwa da ta kai ta kabari.